Filin Direbobi: A Yi Hattara da Faɗaɗa Wili

A wannan wata za mu taɓo wani yayi da wasu samarinmu suka ɗauka, wato faɗaɗa wilin da mota ta zo da shi daga kamfani don ya ɗauki taya mai faɗi.

Ga yadda ake yi: a yanka wilin ƙarfe a kewaye, a sa zoben ƙarfe a tsakani, sannan a yi walda. Wili mai inci 5.5 da ke ɗaukar taya 185 sai ya koma inci 7, ya ɗauki 215.

To, amma in yankan ya ɗan karkace, sitiyari zai dinga rawa. In waldar ba ta kama sosai ba, iska za ta riƙa zuba, kuma rami ɗaya a hanya ya isa ya tsage ta, mota na gudu cike da mutane. Shi kuwa wilin alminiyum, zafin walda na rage masa ƙarfi.

Shawararmu ita ce, mai son taya mai faɗi ya nemi wili mai faɗi na asali a Abossey Okai ko Suame. Araha ba ta ado.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.