Kira ga Gwamnatin Kano kan Rayuwar Ƙananan Yara a Unguwar Gano

Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Mai Girma Kwamishinan Lafiya, Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Tarauni, cikin ladabi muke miƙo koken mazauna Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi.

Ana yawan ɗora wa talaka laifin yawan haihuwa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Kano yara 6.5 ne, a Legas kuwa 3.4. Binciken dai ya ce a Arewa maso Yamma yara 187 cikin kowane 1,000 ba sa cika shekara biyar. Uwar da ta rasa biyu, ranka ya daɗe, da wuya ta saurari maganar tazarar haihuwa. Mutuwar yara ke fara raguwa, haihuwa ta biyo baya. Haka Bangladesh, ƙasar Musulmi, ta sauko daga sama da 6 a shekarun 1970 zuwa kusan 2 a yau. Muna roƙon a soma daga ceton yaran.

Ruwan shanmu na hannun 'yan garuwa, jarka-jarka a kura, ba wanda ya san rijiyar da aka ɗebo shi. Daga nan amai da gudawa ke shiga gida. A umarci hukumar ruwa ta gyara bututun unguwar, a sa ranar da famfo zai kawo.

Da damina kwatoci kan toshe da leda, ruwa ya kwanta a lungu, sauro ya hayayyafa. Shugaban Ƙaramar Hukuma na da ikon sa a yashe su tare da hukumar kwashe shara ta REMASAB kafin ruwan farko.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na maƙwabtaka da mu, amma aikinsa manyan cututtuka ne. Mai naƙuda da tsakar dare ungozomar asibitin unguwa take nema. A wadata ƙananan asibitocin Tarauni da ungozomomin kwanan aiki da allurar riga-kafi, domin ba mu manta ɓarnar mashaƙo a Kano a 2023 ba.

Ya Mai Girma Gwamna, a 2024 kun ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Yarinyar da ta kammala sakandare ta fi zuwa awo, ta fi kai jaririnta riga-kafi. Muna roƙon a ƙara ajujuwan 'yan mata a Tarauni cikin kasafin kuɗi mai zuwa.