A Koya wa Yara Yadda Ake Dira

A wannan fitowa za mu yi magana a kan gwiwa, da yadda koyon dira bayan tsalle yake kare ta daga rauni mai wuyar jinya.

A cikin gwiwa akwai wata jijiya mai ƙarfi da ta haɗa ƙashin cinya da na ƙwauri, wadda likitoci suke kira da Faransanci ligament croisé antérieur. Aikinta shi ne hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Idan ta tsinke da wuya ta haɗe da kanta, kuma mai son komawa wasa sau da yawa sai an yi masa tiyata, ya yi wata 9 ko fiye yana jinya. Galibin masu wannan rauni ba wanda ya taɓa su. Haka ya faru ga Michael Owen na Ingila a gasar cin kofin duniya ta 2006, a wasansu da Suwidin: shi kaɗai ya taka, gwiwa ta murɗe, ya faɗi.

Binciken hotunan bidiyo ya nuna cewa jijiyar takan tsinke cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa bayan ƙafa ta taɓa ƙasa. Kafin ƙwaƙwalwa ta aiko da umarni, aikin gama ya gama. Saboda haka dole tsokoki su ɗaure tun mutum yana sama. Tsokar bayan cinya tana riƙe ƙwauri ta rage wa jijiyar nauyi, tsokar kwatangwalo kuma tana hana gwiwa yin gwame, wato faɗawa ciki. Yawan maimaita dira mai kyau shi ke sa jiki ya riƙa yin haka ba tare da tunani ba.

An gwada wannan an ga amfaninsa. A 2006 aka fito da shirin ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+, wanda ya ƙunshi gudu, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da tsalle da dira. A 2008 aka buga sakamakon gwajinsa a Norway kan ƴan mata kusan 1,900 masu shekara 13 zuwa 17, aka ga raunuka sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Mu lura kuma cewa bayan balaga wannan rauni ya fi samun ƴan mata, don haka kada a bar su baya a darasin motsa jiki na makaranta.

Hanyar koyarwa ba ta bukatar ko sisi. Yaro ya yi tsalle kaɗan ya dira da ƙafa biyu, gaban ƙafa ya fara taɓa ƙasa sannan diddige. Ya lanƙwasa gwiwa da ƙugu kamar mai shirin zama, gwiwa tana saitin yatsun ƙafa, ya tsaya cak na daƙiƙa biyu. Dira mai kyau ba ta da ƙara, don haka mu saurara da kunne yadda muke kallo da ido. Idan ya ƙware sai a koma ƙafa ɗaya. A yi haka aƙalla sau biyu a mako kafin wasa, a dakata idan gajiya ta fara ɓata dirar.

Idan kuwa yaro ya ji ƙara a gwiwa, ta kumbura cikin ƴan sa'o'i, ko tana saki idan ya taka, a kai shi asibiti, kada a ja ƙafar ko a murza ta da ƙarfi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.