Ma'aunin Zafi Kaɗai Ba Ya Haɗa wa Matafiyi Kaya: Darasi Daga Birnin Gwanzu

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Sai dai akwai ilmin da ya kamata ya riga tafiyar, domin wanda ya bari sai ya isa kafin ya koye shi, da lafiyar jikinsa da dukiyarsa zai biya kuɗin makaranta. Ilmin nan shi ne sanin yanayin garin da za a je. Birnin Gwanzu na kudancin ƙasar Sin, wanda ake rubuta sunansa Guangzhou a tikitin jirgi, Turawa kuma suka daɗe suna kiransa Kanton, ya isa misali. 'Yan kasuwa daga Kano da sauran biranen Afirka ta Yamma sun daɗe suna zuwa can sayen kaya, ɗalibai kuma na zuwa karatu. Abin da matafiyi ya saba yi shi ne ya duba wayarsa, ya ga digiri 32, ya ce ai wannan ko kusa da zafin Afrilun Kano bai kai ba, ya ɗaure akwati. Wannan lissafi kuskure ne, kuma kuskure ne da makarantar sakandare za ta iya magancewa tun ɗalibi bai mallaki fasfo ba.

Inda birnin yake

Gwanzu na bisa gaɓar Kogin Lu'ulu'u, ba nisa da Tekun Kudancin Sin, a kan digiri 23 arewa da layin Ikwaita. Layin Kansa, wato iyakar da rana ke kai wa a tsakar ka a tafiyarta ta arewa, ya ratsa ta arewacin yankin birnin. Kano kuwa tana kan digiri 12. Saboda haka Gwanzu tana bakin iyaka ne: ba ta cikin tsakiyar ƙasashe masu zafi, ba ta kuma shiga ƙasashe masu tsananin sanyi ba. Tana ɗanɗanar kowanne a lokacinsa.

Abin da ke juya shekarar birnin iskoki biyu ne, kuma ɗalibin da ya fahimci damina da hunturun ƙasar Hausa ya riga ya riƙe rabin bayanin. Ƙasa ta fi teku saurin ɗaukar zafi, ta kuma fi shi saurin hucewa. Daga Afrilu zuwa Satumba nahiyar Asiya kan yi zafi, iskar da ke samanta ta yi sauƙi ta tashi, sai iska mai ɗauke da tururin ruwa ta kwararo daga teku ta maye gurbinta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu abin ya juya: iska mai sanyi da nauyi ta taru a kan Sibiriya da Mongoliya, ta gangaro kudu. Sakamakon haka birnin na samun ruwan sama fiye da milimita 1,700 a shekara, kimanin ninki biyu na abin da Kano ta saba samu, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na wannan ruwa tsakanin Afrilu da Satumba yake sauka.

Dalilin da ya sa digiri 33 ke iya fin digiri 39 wahala

Jikin ɗan Adam na ƙoƙarin riƙe zafinsa a kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafi ya ƙaru, babban makaminsa shi ne gumi. Amma fitar gumi ba ita ce ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. Kowane giram ɗaya na ruwa da ya zama tururi a kan fata yakan tafi da zafi kimanin jul 2,400. Wannan ita ce hikimar randa da tulu: ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yana bushewa, na ciki ya yi sanyi. Ita ce kuma hikimar tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan lambu, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

To, amma iska na da iyakar tururin da za ta iya ɗauka. A digiri 30, kowace kubik mita ɗaya ta iska ba ta ɗaukar fiye da giram 30 na tururi. A digiri 10 kuwa giram 9 ne kacal. Abin da masana ke kira danshin iska shi ne kason wannan iyaka da ya riga ya cika. A bazarar Kano, kafin iskar damina ta iso, danshin kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, don haka gumi ke bushewa tun bai jiƙa riga ba. A Gwanzu cikin Yuni da Yuli da Agusta zafin rana kan tsaya a wajen digiri 32 zuwa 33, amma danshi kan kusanci kashi 80 cikin ɗari. Iskar ta ƙoshi, ba ta da wurin karɓar gumi. Mutum zai yi sharkaf, ya yi asarar ruwa da gishiri, jikin kuwa bai huce ba. Randar da aka kai can a wannan lokaci ba za ta ba da ruwan sanyi irin na gida ba, jikin mutum ma haka. Dare kuma ba ya kawo sauƙi sosai, domin tururin da ke cikin iska na tare zafin da ƙasa ke fitarwa.

Jiki na iya sabawa, amma sabon yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu. Ɗan kasuwar da ya je kwana goma, yana yawo daga wannan rumfa zuwa waccan da jaka a kafaɗa, zai dawo gida ne daidai lokacin da jikinsa ya fara sabawa. Ga kuma bambancin awa bakwai tsakanin agogon Sin da na Nijeriya, wanda ke hargitsa barci a kwanakin farko.

Shekarar birnin kashi huɗu

Daga Fabrairu zuwa Afrilu akwai wani abin mamaki da mutanen wurin ke kira dawowar iskar kudu. Bayan kwanakin sanyi, bango da daɓen gida sun yi sanyi ƙalau, sai iska mai ɗumi da danshi ta shigo daga teku. Da ta taɓa bangon sai ta huce, ta kasa riƙe tururinta, ya zama ɗigon ruwa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin raɓa a waje. Bango ya yi ta zufa, matakala ta yi santsi, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Baƙo zai buɗe taga don ɗaki ya sha iska. Ɗan gari kuwa rufe ta yake yi, musamman mai fuskantar kudu. A irin wannan danshi funfuna ke samun abin da take so. Takalmin fata da jaka da takardu da yadi duk abincinta ne.

Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, da tsawa da ambaliya a kan tituna. A ranar 27 ga Afrilun 2024 wata guguwa mai juyawa ta afka wa gundumar Baiyun ta birnin, ta kashe mutum biyar. Daga Yuli zuwa Satumba kuma lokacin manyan guguwowin teku ne, waɗanda ke ƙulluwa a inda ruwan teku ya kai ɗumin digiri 26 zuwa 27. A ranar 16 ga Satumban 2018 guguwar Mangkhut ta sauka a gaɓar lardin Guangdong, aka soke tashin jirage, aka rufe makarantu da wuraren aiki.

Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba iskar arewa ta fara rinjaye. Ruwa ya ja baya, danshi ya ragu, sama ta washe, zafin rana ya sauko ƙasa da digiri 30 ya ci gaba da raguwa. Wannan shi ne lokacin da ya fi dacewa da baƙo.

Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne. Matsakaicin zafin Janairu kusan digiri 14 ne, amma idan iskar Sibiriya ta yi ƙarfi yakan faɗo zuwa digiri 5 ko ƙasa da haka. A Janairun 2016 har ƙanƙara mai laushi ta zuba a birnin, abin da aka yi gomman shekaru ba a gani ba. Mai karatu na iya cewa hunturun Kano ma yakan kai wajen digiri 12 da asuba. Gaskiya ne, sai dai a Kano da hantsi ya yi rana ta buɗe. A Gwanzu ana iya wuni cikin gajimare da yayyafi, tufafi masu laushin danshi kuma ba sa riƙe ɗumi. Bugu da ƙari, tsarin ɗumama gidaje na bai-ɗaya da ake da shi a arewacin Sin bai kai kudu ba, saboda haka cikin ɗaki ma sanyi ne.

Sauro ma yana da kalandarsa

Ruwa da ɗumi sauro suke haifarwa. Wanda ya fi damun kudancin Sin shi ne Aedes albopictus, mai ratsin baƙi da fari, wanda ke ƙyanƙyasa a ɗan ruwan da ya kwanta a gwangwani ko tukunyar fure. Da rana yake cizo, saboda haka gidan sauro na dare kaɗai bai wadatar ba. Shi ke yaɗa zazzaɓin dengi. A shekarar 2014 fiye da mutum 37,000 suka kamu a Gwanzu kaɗai, kuma cutar ta fi tsanani a Satumba da Oktoba. A shekarar 2025 zazzaɓin cikungunya, wanda irin wannan sauro ke yaɗawa, ya kama dubban mutane a birnin Foshan da ke maƙwabtaka. Darasin shi ne ko a farkon lokaci mai daɗi sauron bai gama aikinsa ba.

Akwai wani gefen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2021 cewa Sin ta rabu da zazzaɓin cizon sauro na maleriya. Amma matafiyin da sauro ya ciza a gida mako ɗaya ko biyu kafin tashinsa na iya kwantawa a can. Duk wanda zazzaɓi ya kama, ya je asibiti, ya faɗi ƙasar da ya fito, a gwada jininsa. Kada ya sha asfirin bisa ƙa, domin idan dengi ce yana ƙara haɗarin zubar jini.

Abin da ya kamata ya shiga akwati

Idan an fahimci abin da ya gabata, jerin kaya ba hadda ba ne, hujja ce ke fitar da shi. Mai tafiya tsakanin Afrilu da Satumba ya nemi yadin auduga mara nauyi, mai sakin jiki, mai dogon hannu saboda sauro. Shadda mai kauri da ta sha sitaci ta jira ranar Juma'a. Ya riƙi lema, da takalmin da ba ya santsi kuma ruwa ba ya lalata shi, da man korar sauro, da gorar ruwa, da 'yan ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwan sha. Ya ƙara da riga mai ɗan kauri guda ɗaya, domin na'urar sanyaya ɗaki a jirgin ƙasa da manyan kantuna tana da ƙarfi. Mai tafiya a Oktoba da Nuwamba kayan gida sun ishe shi, da suwaita ɗaya don dare. Mai tafiya a Janairu ya tanadi riguna da ake sawa ɗaya bisa ɗaya, da jaket mai tare iska, da safa da hula mai rufe kunne. Mai tafiya a Maris ya sa fasfo da takardunsa cikin leda mai rufewa, ya rage kayan fata, ya ƙara yawan kayan ciki tun da wanki ba ya bushewa.

Hujjar masu cewa kasuwa ce ke yanke rana

Wani zai ce ɗan kasuwa ba don shan iska ya je ba, ranar da kaya suka samu ita ce ranarsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Babban baje kolin Kanton, wanda aka fara a 1957, sau biyu ake yinsa a shekara: daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A lokacinsa kuɗin masauki kan tashi. A makon farko na Oktoba ana hutun ranar ƙasa, a bikin sabuwar shekarar Sinawa kuma, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu da kasuwanni da yawa kan rufe. Duk wannan gaskiya ne, amma ai shi ne ke ƙara ƙarfafa hujjar. Wanda ke da zaɓi tsakanin baje koli biyu, na farko a bakin damina, na biyu a lokacin da sama ta washe, ilmin yanayi ne zai gaya masa wanda zai ɗauka. Wanda ba shi da zaɓi kuwa, ilmin ne zai gaya masa ya bar kwana biyu na rara a lissafinsa idan Agusta ce, ya kuma tambayi yadda aka naɗe yadinsa da takalmansa kafin a rufe kwantena a watan danshi.

Wani kuma zai ce waya na ba da hasashen yanayi. Tana bayarwa, amma na 'yan kwanaki ne. Biza da tikiti kuwa makonni ko watanni ake yi ana shirinsu. Abin da ke amfani a wannan nisa shi ne jadawalin matsakaicin yanayi, wanda masana ke ginawa bisa awon shekaru 30.

Kira ga malamai

Ana koyar da danshin iska a ajin labarin ƙasa, gumi a ajin ilmin halittu, bushewar ruwa a ajin fiziks, ɗalibi ya haddace kowanne dabam, ya fita bai san dangi ɗaya ba ne. Gyaran ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Malami ya samo ma'aunin zafi biyu, ya naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, ɗalibai su rubuta tazarar da ke tsakaninsu sau ɗaya a Fabrairu, sau ɗaya a Agusta. Za su ga tazarar ta yi faɗi a rani, ta tsuke a damina. Sannan ya rubuta jadawalin Kano da na Gwanzu a allo, zafi da ruwa da danshi wata-wata, ya ce kowa ya zaɓi watan tafiya, ya jera kayan akwatinsa, ya kare kowane abu da hujja. Ɗalibin da ya iya wannan zai iya yi wa Alƙahira ko Madina ko Legas irinsa, ba tare da an sake koya masa ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani, kuma a wannan fage rigakafin daga allo yake farawa.