SHARHI: Rahoton Shafi Ɗaya da Kuɗin 'Yan Kwangila a Keffi

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, aka kuma kafa jami'ar jihar a Keffi a 2001, aikin gini bai tsaya ba a wannan gari mai nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja. Masu tifa, dillalan siminti da rodi da ƙananan 'yan kwangila duk sun samu abin yi. Sai dai da yawansu suna asarar kuɗi saboda abin da bai fi shafin takarda ɗaya ba, wato rahoton aikin kullum.

Abin da ake bukata kaɗan ne: kwanan wata, yawan leburorin da suka fito, tifa nawa ta yashi da tsakuwa aka sauke, buhun siminti nawa aka buɗe, inda aiki ya tsaya da dalilin tsayawarsa. Shugaban leburori ya rubuta, injiniya ya sa hannu kafin a tashi. Idan ruwan Agusta ya hana zuba kankare kwana uku, ko mai aikin ya sauya zane da fatar baki, wannan takarda ce kaɗai shaida ranar da za a zauna lissafi.

Doka ma ta tsaya a kan takarda. Dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta ce bayan kuɗin kafin alƙalami, ba a ƙara biyan ɗan kwangila sai da takardar shaidar aikin da ya yi. Ta kuma ba shi damar neman kuɗin ruwa idan biya ya wuce kwana 60 daga ranar da ya miƙa takardunsa. Wanda ba ya riƙe kwanan wata, daga ina zai fara ƙirga kwana 60 ɗin? Haka nan a tsarin kwangila na FIDIC na 1999, wanda ake amfani da shi a manyan ayyuka a ƙasashe da dama, ɗan kwangila yana da kwana 28 kacal ya sanar da buƙatar ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi, in ya wuce haka haƙƙinsa ya faɗi. Ƙaramin mai kawo tsakuwa ba ya sa hannu a irin wannan yarjejeniya, amma babban kamfanin da yake yi wa aiki da ita ake ɗaure shi, kuma da wuya ya biya abin da ba zai iya nunawa a rubuce ba.

Wasu 'yan kasuwa suna ganin neman sa hannu kamar zargi ne ga abokin hulɗa. Wannan kunya tana da tsada, kuma mai ƙaramin jari ne ke ɗaukar nauyinta.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su cika shafi biyar da gaisuwa da dogon Turanci, adadin da ake nema yana can ƙarshe. A watan Agustan 1940, ana tsakiyar yaƙi, Firayim Ministan Ingila Winston Churchill ya rubuta wa jami'ansa takarda yana neman su taƙaita rahotanni domin suna cinye lokaci. Manajan banki a Keffi da ke duba buƙatar rance ba shi da lokacin da ya fi haka. Rahoton cikin gida kuwa ba dole ne a yi shi da Turanci ba. Shugaban leburorin da ya fi sakewa da Hausa, ko da ajami ne, ya rubuta da ita, akawu ya juya adadin zuwa takardar neman biya a ƙarshen mako.