Martani: Zanga-zangar Intanet Ba Surutu Ba Ce

Marubucin da ya ce zanga-zangar intanet surutun marasa aikin yi ce, kuma sababbin kalmomin matasa ɓata harshe suke yi, ya yi saurin yanke hukunci.

A watan Oktoban 2020, zanga-zangar #EndSARS ta taso daga Twitter ta cika titunan Legas da Abuja. Ranar 11 ga watan, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya sanar da rushe rundunar 'yan sanda ta SARS da ake zanga-zangar a kanta. In surutu ne, me ya sa ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya zargi Twitter da mara wa masu zanga-zangar baya, gwamnati kuma ta dakatar da dandalin daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022?

Kan kalmomin ma ya yi kuskure. Gaskiya ne suna saurin canzawa, har dattijo ya kasa bin sawu, amma wani lokacin dole ce ke haifar da su. A 2018, da hukumomin Sin suka riƙa goge saƙonnin #MeToo, taken gangamin yaƙi da cin zarafin mata, mata suka koma liƙa hoton kwanon shinkafa da na zomo, domin in an haɗa sunayensu da Sinanci, sautin taken ne ke fitowa. Da wannan dabarar suka ci gaba da kai kukansu.