Sharhi: Shata Iyakokin Mazaɓu Da Maguɗin Da Ake Yi Kafin Ranar Zaɓe

Idan aka ambaci maguɗin zaɓe, abin da ke fara zuwa zukatanmu shi ne satar akwati ko aringizon ƙuri'u. To amma akwai wani nau'in maguɗin da ake kammalawa a kan taswira tun ba a buga takardar ƙuri'a ba, kuma ƙasar Amurka ce ta fi yin ƙaurin suna a kansa.

A can, bayan ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara 10, ana sake raba kujeru 435 na Majalisar Wakilai a tsakanin jihohi, kuma a akasarin jihohin majalisar dokoki ce ke shata iyakokin mazaɓu. Ke nan jam'iyya mai rinjaye ita ce ke riƙe da wuƙa da nama. Al'adar daɗaɗɗiya ce, domin tun a 1812 Gwamna Elbridge Gerry na Massachusetts ya rattaba hannu kan wata taswira da ɗaya daga cikin mazaɓunta ta lanƙwashe kamar ƙadangare, don kawai jam'iyyarsa ta ci riba.

Dabarar iri biyu ce. Ko dai a cunkusa magoya bayan 'yan hamayya cikin mazaɓu ƙalilan, su lashe su da tarin ƙuri'un da ba za su ƙara musu kujera ba, ko kuma a tarwatsa su cikin mazaɓu da dama ta yadda ba za su yi rinjaye ko'ina ba. A zaɓen 2016 a jihar Karolina ta Arewa, jam'iyyar Republican ta samu kimanin kashi 53 cikin 100 na ƙuri'u, amma ta kwashe kujeru 10 daga cikin 13. Ɗan majalisar da ya jagoranci aikin, David Lewis, bai ɓoye ba, ya ce ya tsaya a kujeru 10 ne saboda bai ga hanyar samun 11 ba. Su ma 'yan Democrat ba kanwar lasa ba ne, sun yi makamancin haka a Maryland a 2011. Da aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2019, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, cewa wannan batu na siyasa ne, ba hurumin kotunan tarayya ba.

Wasu jihohi sun nemi mafita ta hanyar karɓe alƙalamin daga hannun 'yan siyasa. Kalifoniya ta kafa hukumar mutum 14, wato 5 daga kowace babbar jam'iyya da 4 'yan ba-ruwanmu, Michigan kuma ta bi sahu a 2018. Mun gamsu cewa wannan ita ce hanya, domin bai dace mai takara ya zama shi ne mai zaɓen waɗanda za su zaɓe shi ba. Sai dai shekarar 2025 ta nuna raunin gyaran da ake yi jiha-jiha. Da Texas ta sake shata mazaɓunta a tsakiyar zango bisa buƙatar Shugaba Donald Trump, da nufin ƙarin kujeru 5, sai masu zaɓe a Kalifoniya suka amince a jingine taswirar hukumarsu na wani lokaci don a rama. A ganinmu, muddin ba doka ɗaya ce ta hau kan kowace jiha ba, wadda ta yi adalci ita za ta kwana a ciki.

A nan gida Nijeriya, Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wannan aiki a kan hukumar zaɓe ta INEC, wanda hakan ya fi na Amurka tsari. Amma sashe na 74 ya ce duk wani sauyi sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun amince da shi, wato su waɗanda kujerunsu abin zai shafa. Mazaɓun tarayya 360 da aka yi zaɓen 2023 a kansu sun samo asali ne daga shatawar 1996, duk da ƙidayar 2006 da kuma yadda birane irin su Kano da Legas da Abuja suka tumbatsa. Don haka muna kira ga wakilanmu da su bai wa hukumar damar yin wannan aiki a bainar jama'a, a baje taswirorin kowa ya gani kafin a amince da su.