Gyaran Kwamfuta Mai Zafi Ya Fara Daga Hannun Mai Ita

Da zarar hunturu ya kau, bazara ta kunno kai, akan ga ɗalibai da ma'aikata suna sintiri a rumfunan masu gyara na kasuwar Farm Centre ta Kano da makamantanta a sauran biranen Arewa, kowa rungume da kwamfutarsa ta cinya, kuma kukansu ɗaya ne: na'ura ta yi zafi kamar dutsen guga, fankarta na gurnani, aiki ya yi mata nauyi, daga bisani ta mutu ana tsakiyar rubutu. Ga ɗalibin da ke haɗa kundin kammala digiri, ko akawun da ke shirya takardun albashi a ƙarshen wata, wannan ba ƙaramar masifa ba ce, musamman a lokacin da kuɗin sabuwar kwamfuta ya fi ƙarfin albashin watanni na ƙaramin ma'aikaci. Abin takaici kuwa shi ne, sau da yawa ciwon bai wuce abin da mai na'urar zai magance da hannunsa a cikin sa'a guda ba.

Ya kamata a fara sanin inda zafin yake fitowa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira firosesa, tana haifar da zafi muddin tana aiki. Domin a raba ta da shi, akan ɗora mata farantin jan ƙarfe, a shafa wani mai na musamman tsakaninsu don ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani. Daga farantin, wani siririn bututu yana kai zafin zuwa ga jerin 'yan faifan ƙarfe masu kama da haƙoran mataji, inda fanka ke hura iska ta fitar da shi waje. Idan ƙura ta toshe haƙoran nan, ko man ya bushe saboda daɗewa, zafin ba shi da mafita. Da ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, sai firosesa ta rage gudu da kanta, in abin ya faskara ta kashe na'urar don kada ta ƙone. Wato nauyin aiki da mutuwar ba-zata da ake kuka da su, ƙoƙarin na'urar ne na ceton kanta.

Yanayin ƙasar nan kuma yana ƙara wa Barno dawaki. Kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade cewa a yi aiki da kwamfutocinsa na cinya a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 35, alhali a Sakkwato da Maiduguri zafin rana yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Kafin zuwan wannan zafi kuwa, iskar hunturu ta shafe watanni tana kwaso ƙura mai laushi daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, fankar kwamfuta kuma tana zuƙe ta kullum. Ga shi kuma da yawa daga cikin na'urorin da ke hannun jama'a kwance ne da aka yi shekaru ana aiki da su a ƙasashen waje kafin su iso.

Matakin farko ba ya bukatar ko kwabo. Yawancin waɗannan na'urori ta ƙasa suke shaƙar iska, saboda haka wanda ya ɗora tasa a kan katifa, ko matashin kai, ko darduma, ya toshe mata hanci. A ajiye ta a kan tebur ko faffaɗan katako, a ɗan ɗaga bayanta da wani abu don iska ta ratsa, a nisanta ta da hasken rana da ke shigowa ta taga, a kuma rufe ta da kyalle bayan an kashe ta.

Mataki na biyu shi ne shara. Kafin komai, a kwafe muhimman takardu zuwa wata ma'ajiya. Sannan a kashe na'urar ƙurmus, a zare caja, a kwance ƙusoshin murfin ƙasa da sukundireban da ya dace, ana jera su bisa tsari domin tsawonsu ya bambanta. Da an buɗe, a fara zare wayar batir, a kuma taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin da jiki ke tarawa, wanda yakan yi yawa a lokacin bushewar iska. A riƙe fanka da tsinken sakace don kada ta juya, a share ta da buroshi mai laushi, a hure haƙoran ƙarfen da ɗan famfon roba. A nan ne akan tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga.

Idan zafin bai sauka ba, sai a koma ga man. A kwance farantin bisa lambobin da aka rubuta kusa da ƙusoshinsa, a goge tsohon man da sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa, a mayar da farantin a ɗaure ƙusoshin kaɗan-kaɗan bi da bi. Fankar da ke ƙara ko ta ƙi juyawa kuwa, canza ta ya fi lallaɓa ta.

Sai dai kowane gwani da iyakarsa. Akwai masu jefa kwamfuta cikin firiji don ta huce, ba su san raɓar da za ta taru a cikinta ta fi zafin illa ba. Akwai masu kai ta wurin mai faci ya hura mata iskar taya, wadda ke ɗauke da danshi, ƙarfinta kuma yana iya lalata fanka. Akwai ma masu shafa man goge baki a maimakon man firosesa. Duk waɗannan gyaran gangar auzinawa ne. Mafi haɗari shi ne batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi: kada a matsa shi, kada a huda shi, kada a ci gaba da caji, a kai wa ƙwararre nan take. A shekarar 2006 kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda haɗarin kamawa da wuta. Haka nan na'urar da garantinta bai ƙare ba, a mayar wa mai sayarwa. Wadda kuma mallakar gwamnati ce, ba hurumin ma'aikaci ba ne ya buɗe ta, sai dai ya kai rahoto ga sashen da ke kula da kayan ofis.

Wasu za su ce koya wa jama'a irin wannan aiki toshe hanyar abincin masu gyara ne. Wannan zance ba shi da tushe, domin direban da ya iya duba ruwa da baƙin mai bai taɓa hana makanike cin abinci ba. Manyan ayyuka, irin su gyaran allon lantarki da canza batir, suna nan a hannun masu sana'a.

Ƙasashen da suka fi wannan ƙasa wadata ma sun farga. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62. Tun daga watan Janairun 2021 Faransa ta wajabta wa masu sayar da kwamfutocin cinya su nuna makin sauƙin gyaransu bisa goma, a watan Disambar 2022 kuma Jihar New York ta Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni samar wa jama'a kayan gyara da littattafan bayani. Idan masu ƙera na'ura suna tattalinta haka, ina ga mai sayenta da kuɗin waje?

Bisa ga haka, wajibi ne jami'o'i da kwalejojin fasaha su sanya kula da na'ura cikin darasin kwamfuta da ake koya wa sababbin ɗalibai. Ya kuma kamata manyan sakatarori su ba da umurni a riƙa share kwamfutocin ma'aikatu sau ɗaya a shekara, a ƙarshen hunturu kafin zafi ya tsananta, maimakon a jibge su a sito a nemi kuɗin sayen sababbi. Shi kuwa ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, ya tanadi sukundireba da buroshi tun yanzu, domin Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da mutum ya tattala shi ne nasa.